Sai Na Ƙarshe Ya Nuna

Ranar da tifa ta juye yashi a bayan gida, Gwaggo tana durƙushe a lambunta tana ɗaure reshen tumatir a jikin sanda da yagin tsohon zane. Ta miƙe da ƙyar, hannu ɗaya dafe da gwiwa, ta tsaya tana kallon tulin yashin da ya binne mata kunya guda ta gefen katanga.

"Sannu, Mama," in ji direban, yana leƙowa ta taga. "Nan aka ce in zuba."

"Wa ya ce?"

"Mai gidan."

Gwaggo ta dubi direban. A iya saninta mai gidan nan yayanta ne, shi kuwa ƙasa ta rufe masa ido tun bara. Sai can ta tuna an yi sabon mai gida: babban ɗan marigayin, wanda ta goya a bayan nan nata tun da uwarsu ta rasu ta bar shi da ƙanwarsa. Duniya tana kiransa Manaja. Ita tana kiransa Babana, don sunan mahaifinta ya ci.

A kamfanin inshora Manaja yake aiki. Sana'arsa ita ce ya karanta alkawarin da aka yi wa mutum a tsanake, har ya gano ta inda ba a yi masa shi ba. An ce ya ƙware.

Da yamma ya zo ɗakinta, matarsa Madam tana biye, sai Auta, ƙanwar tasa, rungume da jaririnta. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya durƙusa har ƙasa kamar yadda ta koya masa. Duk wanda ya leƙo a lokacin sai ya ce ga yaro mai tarbiyya.

"Gwaggo, shawara muka yi."

"Na ga shawarar. Ta danne min tumatir."

Ya yi 'yar dariya, ya gyara murya, ya shiga bayani. Titin baya ya zama babban titi yanzu. Filin lambun da ɗakinta su ne ke kallon titin, asara ce a bar su haka. Shaguna za a gina. Ita kuma shekaru sun ja, ta yi wa kowa wahala, lokaci ya yi da za ta huta. Auta tana da ɗaki a benen da suke haya, mai tayil, mai fanka, da banɗaki a ciki.

"Ga iska, Gwaggona," in ji Auta. "Kina zaune kina hango gari duka."

Abin da ba a faɗa ba shi ne hutun haihuwar Auta ya kusa ƙarewa, za ta koma aikinta na jinya a asibiti, kuma 'yar aikin da ta samo ta gudu. Ba a faɗa ba don ba ya cikin shawarar. Dacewa kawai aka yi.

Gwaggo ta dubi ɗakin: ƙusar da take rataye mayafi, tabon fitila a bango, tagar da take buɗewa kullum ta ga lambu kafin ta ga fuskar kowa. Ta san ba ta da ko taku ɗaya a gidan nan. Abin da ta zuba a cikinsa bayanta ne, kuma an riga an sauka daga kai.

"To, tumatirina fa?" Abin da ya zo bakinta ke nan.

Manaja ya ji daɗin tambayar, don ƙarama ce.

"Haba, Gwaggo! Ki ci abinki. Wallahi babu wanda zai taɓa ɗakin nan sai na ƙarshe ya nuna."

"Sake faɗa."

"Sai na ƙarshe ya nuna. Ga Madam, ga Auta, su ne shaida."

Da suka fita Gwaggo ta yi murmushi ita kaɗai. A ganinta ta gane yaron: matarsa ce ta matsa masa, shi kuma ya nemo hanyar da zai ce a'a ba tare da an ji ya ce a'a ba. Ai ya sani, tun yana rarrafe a gabansa ake yi: lambun Gwaggo ba shi da na ƙarshe. Kafin wannan shuka ta tsufa ta yafa iri a tsohuwar roba a gindin famfo, kafin tsohuwar ta gama ba da 'ya'ya ta dasa sabuwa. Ranar ta yi masa addu'a fiye da kullum.

Famfon bayan gida ne ya fara mutuwa.

"Bututu ne ya fashe a ƙasa," in ji Madam. "Mun kira mai gyara."

Mai gyara bai zo ba. Da Gwaggo ta tambaya aka ce ya yi tafiya. Da ta sake tambaya aka ce matarsa ta haihu. Daga nan ta daina tambaya, don kada ta ja a kashe wa bawan Allah uwa.

Ta koma ɗibar ruwa a famfon gaba. Ta ratsa tsakar gida, ta zagaya ta lungu, rabin bokiti a kowane zuwa saboda gwiwa. Madam takan tsaya a ƙofar kicin tana bin ɗigon ruwan da ido a kan siminti.

"Gwaggo, wallahi tausayi kike ba ni. Tumatir ɗin nan fa ana sayar da shi a kasuwa."

"Na ji labari."

"A'a, ni don lafiyarki nake faɗa."

Kowa a gidan don lafiyarta yake faɗa. Tunda take ba a taɓa damuwa da lafiyarta kamar wannan lokacin ba.

Sai bulo ya iso. Magini ya ce ba za a taɓa ɗaki ba, ba za a taɓa lambu ba, bangon gaban shagunan kawai za a fara tayarwa don kada siminti ya daskare a buhu. Bango ya tashi ta gabas, ya tare hantsi. Wata safiya Gwaggo ta fito ta tarar wani lebura ya juye ƙasar robarta da 'yan tsiron da take reno, yana kwaɓa siminti a ciki.

"Wallahi, Mama, na ɗauka ciyawa ce."

Ta kai ƙara wurin Manaja. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya fito ya yi wa leburan faɗa har da nuna yatsa, ya ce maza a wanke robar a mayar wa Gwaggo. Aka wanke aka mayar mata, fes.

Ta sake yafa iri, ta kuma sakewa, har ɗan abin da take ajiyewa a kwalba ya ƙare. Amma lokaci ya riga ya juya. Safiya ta fara sanyi, rana ta rage ƙarfi, ga inuwar bango; duk abin da ya tsiro sai ya tsaya siriri kamar zare ya kwanta. Saura tsofaffin shukokin. Ganyensu na ƙasa ya yi rawaya, fure yana kakkaɓewa, amma rassan cike suke da 'ya'ya kore shar, sun tsaya cak, ba gaba ba baya, kamar yadda tumatirin ƙarshen lokaci ya saba.

Duk shekara a irin wannan lokaci faɗa Gwaggo take yi da su: ku nuna mana, me kuke jira? Bana sai ta koma lallashi. Takan bi su ɗaya bayan ɗaya tana shafawa. "Ku yi a hankali, 'yan albarka, babu mai korar ku." Har zane ta rataya musu ta yamma, don kada 'yar ranar da ta rage ta gaggauta su. Lissafinta mai sauƙi ne: in suka riƙe ta har ɗumi ya dawo, za ta matse iri daga waɗanda suka nuna a jikin uwa, ta yafa, ta dasa, na ƙarshe ya sake yin nisa. A can ƙarshen kunya wani fure da ya makara ya ɗaure ɗa, ɗan mitsitsi kamar kan babban yatsa. A kansa ta ɗora ranta. Shi take fara ba wa ruwa.

Manaja kuwa, wanda tun da ya sa dogon wando bai sake taka lambun ba, sai ya zama mai son noma. Kullum da safe yakan zagayo da kofin shayi a hannu, ya sunkuya yana leƙa gindin kowane ɗa.

"Gwaggo, wai waɗannan ba sa ja ne?"

"Suna hanya."

"Ba a sa musu wani abu? Taki, ko magani?"

"Haƙuri ake sa musu, Babana."

Ya kurɓi shayi. Magini yana tsaye a bayansa yana gunaguni cewa yana da wani aikin a wani wuri, ba zai riƙe leburori suna kallon ganye ba.

Ranar hutu Auta ta zo ita kaɗai da jariri. Ta kawo man zafi, ta zaunar da Gwaggo a bakin gado, ta ɗora ƙafar a cinyarta tana murza gwiwar. Auta ce 'yar lele. Gwaggo ta karɓe ta tana cikin tsumma, ba ta san wata uwa ba. Suka yi hira, suka yi dariyar sabon gashin kantin da Madam ta ɗora a ka, wanda iska ta kusa tafiya da shi wajen shanya. Gwaggo ta ji kamar da can.

"Af, Gwaggona, kin tuna min. Wata abokiyar aikina ta shuka tumatir a bayan gidanta, sanyi ya kama shi, duk ɗanye. Ta ce in tambaye ki, zubarwa za ta yi?"

"Zubarwa? Kai, yaran yanzu!" Gwaggo ta gyara zama. An daɗe ba a tambaye ta komai ba sai dai ina ta ajiye tsintsiya. "Ki ce ta tsinke su da ɗan karansu. Kada ta wanke, ta goge da busasshen tsumma. Ta naɗe kowanne a jarida, ta jera a kwali, kada ta ɗora wani a kan wani. Sai ta sa nunanniyar ayaba a tsakiya, wadda ta fara baƙi-baƙi, ta rufe, ta ajiye inda babu rana babu sanyi. Numfashin ayabar ne yake jan su. Kafin ta ankara sun yi ja."

"Duka?"

"Wanda ya ƙosa dai. Za ta gane shi, ya fara haske a gindi, yana sheƙi. Amma ƙaramin da bai ƙosa ba, kore shar, mai tauri kamar dutse, wannan ko a gonar ayaba ta kwantar da shi ba zai nuna ba. Sai dai ya yamutse ya ruɓe."

"Allah sarki," in ji Auta, tana murza gwiwa, idonta a ƙasa.

"Kuma ki gaya mata ja ne kawai. Ɗanɗanon ba ya kai na jikin uwa."

"Zan gaya mata."

Sai Auta ta ce gwiwar nan ba ta yi mata ba, ta kumbura, dole a ɗauki hotonta. Ta ma riga ta yi wa likita magana.

Washegari Manaja da kansa ya ba da mota. Aka ɗauki hoton gwiwa da wuri, amma tunda an zo, in ji Auta, a duba jini. Da aka duba jini, a duba ido. Da aka duba ido, a jira sakamako. Ta saya wa Gwaggo abinci, ta kawo mata ruwan sanyi, ta sa mata matashi a bayan benci. Gwaggo ta taɓa matar da ke zaune kusa da ita.

"Kin ga waccan mai farar rigar? 'Yata ce. Ni na raine ta."

"Allah ya ba mu masu jin ƙanmu," in ji matar.

"Amin," in ji Gwaggo.

Sai da rana ta yi sanyi suka dawo. Gwaggo ba ta shiga ɗaki ba, ta zagaya ta lungu, don ba ta ba da ruwa ba tun safe.

Babu lambu. Ƙasa ce shimfiɗe, an baje kunyoyin, an kafa turaku an ja igiya. Shukokin suna jibge a gindin katanga, saiwa a sama. Sandunan kuwa an tattara su an ɗaure wuri guda an jingine a ƙofar ɗakinta, da yage-yagen zanenta a ninke a kai, don Manaja ba ya son a yi wasa da kayan mutane.

Yana tsaye a wurin, hannu a baya.

"Babana, me nake gani?"

"Gwaggo, zauna tukuna. Yaya gwiwar? Me likita ya ce?"

"Me nake gani?"

"Ko ɗaya ba a zubar ba, wallahi. Duk suna sito. An goge su, an naɗe a jarida, an sa ayaba, yadda ya kamata." Ya nuna ƙofarta. "Kuma ga ɗakinki nan. An taɓa shi? Ina nan a kan maganata, sai na ƙarshe ya nuna."

Ta juya tana neman Auta. Auta ta shige ciki, wai jariri yana kuka. Gwaggo ta kasa kunne, ba ta ji kukan ba.

Da Auta ta fito za ta tafi sai ta tarar da ita zaune a dokin ƙofa, da damin sanduna a gefenta.

"Ki gai da abokiyar aikin taki."

Auta ta fashe da kuka. "Gwaggona, wallahi ganin ki da bokiti ne ba na iya jurewa. Ke ma kin ji abin da likita ya ce. In kika faɗi a lungun nan fa? Mutane cewa za su yi mun bar ki kina wahala."

"Haka ne."

"Ki yafe min in na yi laifi."

"In kin yi," in ji Gwaggo.

Kwanakin kwali suka fara. Makullin sito yana hannun Madam, amma ƙamshin ayaba ba ya jin makulli, yana biyo lungu har ɗakin Gwaggo. Kowace safiya Madam takan buɗe ta duba, sannan ta zo da rahoto fuska a sake, kamar mai jinyar da mara lafiyarta ke samun sauƙi.

"Gwaggo, sun fara! Ashe da gaske ne. Ke fa akwai ilimi, da boko kika yi da an ji mu."

Leburori suna haƙa ramin harsashi. Ramin ya taho a hankali har ya tsaya a ƙarƙashin tagarta, daidai inda alkawari ya fara. In ta buɗe taga da safe, shi take fara gani.

Ta aika aka kira kawun yaran, ƙanen marigayiya uwarsu, dattijon da ake jin maganarsa. Ya zo. Falo aka fara kai shi, ya daɗe a can, sannan ya zagayo yana sakace haƙori.

"Yaya, na ji komai. Yaron nan ya yi alkawari kuma yana kan cikawa. A wannan zamani wa ke jiran tumatir? Wani da tuni ya sa an fitar miki da kaya. Ki gode Allah, ki sa musu albarka."

Tunda ta daina ɗaukar bokiti kumburin gwiwar ya saɓe. Kowa ya lura, kowa kuma ya faɗa.

Ranar da abin ya kammala Manaja da kansa ya ɗauko tumatirin a tire. Ya cire takalmi, ya durƙusa, ya ajiye a gabanta. An jera su kamar na talla, jawur, suna ƙyalli.

"Alhamdu lillahi, Gwaggo. Sun nuna."

Ta ɗauki guda, ta jawo wuƙa daga ƙarƙashin tabarma, ta raba shi biyu. Jan a fata ya tsaya. Cikin fari-fari ne, da rami, 'ya'yan sirara marasa ciki, irin waɗanda ko an shanya ba sa tsirowa. Ta ɗan lasa. Kamar jiƙaƙƙiyar takarda.

"Yaya?" in ji shi.

"Ja ne."

"To madalla. Auta ta gyara ɗaki, ga mota nan a waje. Ba sai kin ɗauki komai mai nauyi ba, yara za su loda."

Madam ta leƙo riƙe da kwalin. "Ga wannan ma, Gwaggo, ki zuba ƙananan kayanki. Mai ƙwari ne."

Suka bar ta. Ta ji ana fitar da gadonta, ana jan akwati a kan siminti. Ta zauna a ƙasa ta jawo kwalin, yana warin ruɓaɓɓiyar ayaba, ta shiga kwashe yamutsattsun jaridun da ke ciki. A kusurwa hannunta ya ci karo da wani ɗan ƙulli mai tauri. Ta warware. Ɗan ƙarshen kunya ne, wanda furensa ya makara. Kore shar, kamar ranar da aka tsinke shi.

Ta daɗe tana kallonsa a tafin hannu. Sannan ta dafa bango ta miƙe.

Duk suna ƙofar gida. An ɗaure katifa a saman mota. Magini da leburorinsa suna gefe da guduma da diga, suna jiran motar ta tashi, don su ma suna da kunya. Gwaggo ta ratsa su ta tsaya a gaban Manaja, ta buɗe hannu.

"Wannan bai nuna ba."

Manaja ya karɓa, ya juya shi, ya matsa da yatsa. Na ɗan lokaci fuskarsa ta koma ta yaron da ta taɓa kamawa da hannu a tukunya, har ta ga leɓensa yana motsi.

"Haba, Gwaggo," in ji Madam, "wannan ai ba a sa shi a lissafin tumatir."

"A lambuna ya fito. Shi ne na ƙarshe." Gwaggo ta juya. "Auta, faɗa wa yayanki abin da na gaya miki game da irin wannan."

Auta tana jijjiga jariri a kafaɗa. Ta dubi yayanta, ta dubi motar, ta dubi agogon hannunta, don gobe da safe take komawa aiki.

"Ai cewa kika yi duk suna nuna, Gwaggona. In an yi haƙuri."

Gwaggo ta dube ta. Ta dai ci gaba da dubanta har Auta ta sunkuyar da kai tana gyara wa jariri hular da ba ta karkace ba.

Manaja ya numfasa, fuskarsa ta dawo daidai. Ya kama hannun Gwaggo da ladabi, ya ɗora mata ɗan tumatirin a tafi, ya naɗe yatsunta a kai.

"To kin ji. Ki tafi da shi, Gwaggo. Zai nuna a hanya."

Shi ya buɗe mata ƙofar mota. Shi ya tattare mata gefen zane don kada ƙofa ta datse. Motar ba ta kai kwana ba ta ji gudumar farko.

Ɗakin yana nan kamar yadda aka faɗa: tayil, fanka, banɗaki a ciki. A hawa na can sama yake, kuma gwiwar da ta hau matakalar nan sau ɗaya ba ta sake neman sauka ba. Auta tana fita da sassafe ta dawo da yamma. Jaririn yana bayan Gwaggo, bayan da aka ce lokaci ya yi da zai huta. Daga taga ana hango gari duka, rufi bayan rufi, babu ƙasar da hannu zai taɓa.

Shagunan sun yi kyau, kowa ya yaba. Wanda ya tashi a inda ɗakinta yake wani mai kayan masarufi ne ya kama shi, ya jera tumatirin gwangwani tun daga ƙasa har rufi. A dangi kuwa labarin ya zama abin koyi. In ana zancen 'ya'ya masu albarka sai kawu ya kawo Manaja: mutumin da ya tsayar da gini, ya bar leburori zaune, don kawai ya ce wa tsohuwa sai tumatirinta ya nuna. Ya kawo Auta, wadda ta ɗauke ta ta kai gidanta, a zamanin da 'ya'yan cikin mutum ma guje masa suke yi. Babu wanda ya ɗaga mata murya. Babu wanda ya shiga ɗakinta da takalmi. Da za a kai maganar gaban alƙali da ya rasa inda zai kama, don a gidan nan an iya cin amana a durƙushe.

Ɗan tumatirin yana kan dakalin taga. Ya yi laushi ta gefe ɗaya, ya yamutse, ya koma ruwan ƙasa, ya fara tara ƙananan ƙudaje. Wata yamma Auta ta shigo da tsumma tana goge-goge, ta kai hannu.

"Bar min shi."

"Gwaggona, ai ya ruɓe."

"Na gani. Ya nuna?"

Auta ta tsaya da tsumma a hannu.

"Ke ce shaida," in ji Gwaggo, tana jijjiga goyon, idonta a kan rufin gari. "Ranar da ya yi ja ki zo ki gaya min, sai in tashi daga ɗakina na can gida."